Gyaran Ƙafar Motar Lodi: Gane Gaɓar da Ta Cinye da Yadda Ake Sauya Ta

Da an fara yankan gero a ƙasar Rimin Gado, motocin lodi ba su da sauran hutu sai an gama kwashe dawa. Akori-kura, Kanta, J5 da Hilux, kowace da nata rabon: buhunan gyaɗa da wake daga Gulu ko Yalwan Danziyal zuwa bakin titi, daga nan a miƙe titin Gwarzo, a wuce Janguza a shiga birni, wasu har kasuwar Dawanau. Rani na kamawa kuma lodin ya juya, a riƙa ɗebo taki ana jibgewa a gonaki, domin ƙasar nan gona ce ta haɗe da gona, ba a barin ta ta huta, taki ne ke riƙe da ita.

Kwaltar da ke tsakanin garin da birnin Kano ba ta wuce kilomita 20 da 'yan kai ba, kuma ba a kanta mota ke tsufa ba. A kan burji da burtali take tsufa, inda gargada ke girgiza ta da rani, taɓo ya riƙe ta da damina. Duk wannan duka ƙafar gaba ce ke fara karɓarsa. Inji in ya lalace, mota tsayawa take yi a gefen hanya, a nemo bakanike. Ƙafar gaba in ta saki, mota na cikin tafiya ne, da kaya a bayanta, da mutane a saman kayan. Abin da ke sa ni baƙin ciki shi ne, babu gaɓar da ke ballewa ba ta yi makonni tana kuka ba, kuma mutum biyu da jak da liba sun isa su gano ta kafin shayi ya huce.

Abin da ke ƙarƙashin motar

Boljoyin da kan tayirod gininsu ɗaya ne. Ƙwallon ƙarfe ne mai wuya, zaune a cikin kwanon ƙarfe, tsakaninsu shimfiɗa mai santsi da giris, sannan a rufe bakin da hular roba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci yana raba cinyar rago da ƙugu ya ga irin wannan gaɓa: tana juyawa ko'ina, amma ba ta fita daga mazauninta. Boljoyin shi ke riƙe nokul, wato ƙarfen da tayar ke ɗaure a jikinsa. Tayirod kuma shi ke kai wa tayar saƙon sitiyari.

Sai dai ba kowace mota ce ke da boljoyin ba, kuma yana da kyau mai mota ya san irin tasa. Hilux da aka ƙera daga 2005 zuwa yau tana da hannu biyu a kowane gefe, na sama da na ƙasa, kowanne da boljoyin ɗinsa. Akori-kurar Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗa irinta a Kaduna, inda masana'antar ta fara aiki a 1975, boljoyin ɗaya gare ta a ƙasan kowane gefe. Manyan Kanta da tifofin yashi kuwa aksil guda ne ya ratsa daga taya zuwa taya a kan sifirin, kuma nokul na juyawa ne a jikin wata kakkaurar sandar ƙarfe, kinfin. Waɗannan suna da doguwar tayirod da ta haɗa tayoyin biyu, da wata sandar da ta taso daga akwatin sitiyari ta kama taya ɗaya.

Ta ɓangaren jan mota ma kashi biyu ne. J5 da tayoyin gaba take ja, saboda haka tana da shaf a kowane gefe, kuma a kan shaf ɗin akwai gaɓa mai ƙwallaye shida da ke ba taya damar ja ko da an karya sitiyari. Hilux mai ja da ƙafa huɗu ita ma tana da su. Masu ja da baya kuwa furofela gare su, da kuros a kowane ƙarshensa, dogayen motoci har da boris a tsakiya.

Abin da ke kashe su

Kowa na ɗora laifi a kan rami, kuma rami na da nasa alhakin, haka ma lodin da ya wuce ƙima. Amma mafi yawan gaɓoɓin da ake cirewa a garejinmu daga hular roba mutuwarsu ta faro. Mota ta shiga gona bayan girbi, tushen kara ko ƙaya ya tsaga robar. Ko zafin bazara ya busar da ita ta daddare. Daga nan ƙurar hunturu ta samu ƙofa. Giris ɗin da ya sha ƙura ya daina kare ƙarfe, goge shi yake yi a duk juyin sitiyari. Damina ta zo, a ratsa kududdufi, ruwa ya shiga ya wanke ɗan abin da ya rage, tsatsa ta kama ƙwallon.

Ƙwallon nan ba ya jure ko ƙwarzane. A 2005 kamfanin Toyota ya janye motoci fiye da 700,000 a Amurka domin sauya boljoyin na ƙasa, saboda an gano ana iya ƙwarzanar ƙwallon tun a wurin ƙera shi, kuma ƙwarzanen kaɗai ya isa ya cinye gaɓar har ta rabu. In ƙwarzanen masana'anta na iya haka, to yashin da ke shiga ta tsagaggiyar roba a hanyar Karofin Yashi ba sai an faɗa ba.

Kukan da kowace ke yi

Direban da ya saba da motarsa shi ne likitanta na farko, in zai rage sautin rediyo. Ƙarar gwaf-gwaf daga ƙasa idan an hau gargada ko an tsallake tudun rage gudu, yawanci boljoyin ne ko bushin. In sitiyari ya yi sakwa-sakwa, kana juya shi kaɗan mota ba ta amsa ba, ko tana yawo a titi kana ta tarota hagu da dama, tayirod ake fara zargi. Kas-kas-kas a jere lokacin da aka karya sitiyari har ƙarshe ana ba da wuta, wannan kan shaf ne na waje, ba ya ɓuya. Na ciki kuwa girgiza yake kawowa idan an taka totur, a ɗaga ƙafa ta lafa. Kuros yana yin gau sau ɗaya lokacin da aka sa giya ko aka saki kuloc, yana ƙiƙi-ƙiƙi a hankali idan ana tafiya sannu, in ya yi nisa kuma kujerar direba ce ke rawa a kan gudu. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, ya canza murya in an karkata, na boris ɗin taya ne.

Taya ma tana ba da labari. Shafa tafin hannunka a fuskarta daga ciki zuwa waje, ka dawo. In ta yi santsi ta gefe ɗaya, ta yi kaifi ta ɗayan, tayoyin ba sa kallon wuri ɗaya. In gefen ciki kaɗai ya cinye, tayar ta kwanta. Mutane da yawa sukan sayi sabuwar taya a nan, su kai mota alaimen, wata biyu taya ta sake cinyewa. Ba a saita ƙafar da ke da wasa. Injin alaimen zai ba da lamba mai kyau, mota na sauka daga kansa saitin ya gudu.

Amma ƙara shaida ce kawai, ba hukunci ba. Ƙarfe na kai sauti nesa, abin da ke bugawa a dama sai a ji shi a hagu. Kada a sayi komai sai hannu ya taɓa wurin.

Binciken

A fara mota na ƙasa, tayoyinta ɗauke da nauyinta, a wuri mai tauri da ya daidaita. A ja birkin hannu, a sa dutse gaba da bayan tayar baya. Yaron mota ya zauna a sitiyari, tayoyi na kallon gaba, ya riƙa kaɗa shi hagu da dama da ɗan sauri, ba juyawa sosai ba, iya inda ya ji nauyin taya. In sitiyarin motar mai fawa ne, a bar inji na aiki, giya na furi. Wasan da sitiyari zai yi kafin taya ta motsa, a ƙa'idar Toyota, bai kamata ya wuce milimita 30 a bakin da'irarsa ba, wato bai kai faɗin yatsu biyu ba.

Kai kuma ka durƙusa ta gefe, ka zura hannu ka dafa kan tayirod yadda babban yatsanka zai taɓa kwanon, manuniya ta taɓa nokul. Yaro na kaɗawa, kana ji. Gaɓa mai lafiya, ƙarfen biyu tare suke tafiya kamar abu ɗaya. Wadda ta cinye, za ka ji kwanon ya fara motsi, sai bayan ɗan ƙiris nokul ya biyo, da wani ɗan bugu a fatar yatsa wanda kunne ba ya ji. Wani lokaci ma kwanon ɗagawa yake yi sama ya sauka. Haka za ka bi kowace gaɓa tun daga akwatin sitiyari har taya. A mota mai rak maimakon akwatin sitiyari, tayirod na ciki yana ɓoye a cikin doguwar roba mai lanƙwasa. Matsa robar da yatsu ka kama gaɓar ta cikinta, za ka ji in tana bugawa.

Sannan a ɗaga. Ƙasarmu yashi gare ta, saboda haka a shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin jak, in mota ta tashi a tokare ta da kututture ko ƙarfen tokari. Bulon siminti ba abin tokare mota ba ne, fashewa yake yi ba sallama, kuma jak kaɗai ba a ba shi amanar rai.

Inda aka kafa jak yana canza sakamakon, kuma nan ne ake yawan kuskure. A motar da sifirinta ke zaune a kan hannun ƙasa, irin Hilux ta yanzu, in ka ɗaga ta shasi, sifirin zai danne boljoyin ya matse shi, ka girgiza taya ka ji ta ƙam alhali gaɓar ta gama yawo. A irin wannan, ƙarƙashin hannun ƙasa ake kafa jak, kusa da taya, don nauyi ya sauka daga kan gaɓar. Mota mai kinfin ta aksil ake ɗaga ta. Akori-kura da J5 kuwa ta jiki ake ɗagawa a bar ƙafar ta yi lilo.

Taya na sama, kama ta hannu ɗaya gaba ɗaya baya, ka girgiza. Wasa a nan na tayirod ne. Kama ta sama da ƙasa ka sake girgizawa: wasa a nan na boljoyin ne, ko kinfin, ko boris. Yadda ake raba gardama mai sauƙi ne. Ce wa yaro ya taka birki ya riƙe. In wasan ya ɓace, boris ne, domin birki ya kame abin da ke juyawa. In yana nan, gaɓa ce. Daga nan sai ka zura liba ƙarƙashin taya ka ɗaga ka saki, wani na haska boljoyin da tocila yana kallon ko wuyan na shiga yana fita. A kinfin, wasan sama da ƙasa na boris ɗin da ke ɗauke da nauyi ne, na gefe kuma na bushin.

Kafin ka fito, duba kowace roba. Giris baƙi da ya fantsama a cikin wili alama ce robar shaf ta fashe. Kuros kuma, giya na furi, tayoyi a tokare, kama furofela da hannu biyu, ɗaya kowane gefen kuros, ka murɗa su saɓanin juna, ka kuma tura sama da ƙasa. Bai kamata ka ji komai ba. Jan gari mai kama da hoda a bakin kofunan kuros ɗin yana nufin alluran ciki sun bushe sun fara niƙewa.

Bakaniken kirki ba ya jin nauyin nuna wa mai mota abin da ya gani. "Alhaji, kawo hannunka nan. Kai Ɗan'auta, kaɗa. Ka ji? To taɓa na wancan gefen ka ji bambanci." Wanda ya leƙa daga tsaye ya ce ƙafar gaba ɗaya ce ta tafi, a kawo kuɗin komai, a roƙe shi ya nuna. In ya ƙi, gareji ba ɗaya ba ne.

Sayen kaya, da maganar ciko

Wanda zai shiga kasuwar Ƙofar Ruwa sayen kaya ya tafi da tsohon ƙarfen a leda da lambar shasi a takarda. Sunan mota kaɗai ba ya isa, Hilux kala-kala ce, Kanta ma haka. A ɗora sabo kusa da tsoho, a gwada kaurin wuya, da tsawonsa, da zaren noti. Wuyan nan a tsuke yake daga ƙasa zuwa sama, ramin da yake shiga ma haka, kuma wannan dacewar ce ke riƙe shi, ba noti kaɗai ba. Wuyan da bai cika raminsa ba zai yi ta motsi har ya faɗaɗa ramin, a wayi gari nokul ɗin ma sai an saya.

Sabuwar gaɓa ta gaske da ƙyar yatsa ke karkata wuyanta. Wadda ke lilo tun a kwali, ko robarta ke da ƙyalli da taurin leda, a ajiye wa mai ita. Kwali ba shaida ba ne, masu jabu sun iya buga kwali. Kayan Baljiyam na da amfaninsu a shaf da nokul da hannu, inda ƙarfen asali ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba, amma boljoyin da kan tayirod kayan cinyewa ne, wanda aka ciro daga wata mota ya riga ya ci rabin kwanansa.

Akwai abin da ba zan yi wa sassauci ba. Ana cire boljoyin da ya yi wasa, a buɗe bayansa a cusa guntun roba ko leda, ko a ɗora kwanon a kan maƙera a bubbuge bakinsa ya matse, wani ma ya ɗiga masa walda, a mayar a ce an yi ciko. Ƙarar takan ɗauke, direba ya ji daɗi ya biya kuɗi kaɗan. Amma ƙwallon da ya zaizaye bai dawo ba, bakin kwanon da ke hana shi fita kuma an ƙara raunana shi da guduma ko wuta. Abin da aka yi kawai shi ne an kashe gargaɗin an bar haɗarin. Na san halin da ake ciki, na san kuɗin kaya ya tashi, kuma ranar kasuwa ba ta jiran kowa. Duk da haka, boljoyin na ƙasa in ya fita, tayar kwanciya take yi a ƙarƙashin mota, shaf da tiyon birki su bi ta. Tayirod in ya saki, sitiyari na hannunka amma ba ya haɗe da komai. Motar da ba a samu kuɗin gaɓarta ba, ta kwana a gida.

Sauya kan tayirod da boljoyin

Tun da dare a zuba wa notunan man birki ko kananzir su sha. Da safe a sassauta notunan taya mota na ƙasa, a ɗaga, a tokare, a cire taya.

Kafin a taɓa komai a jikin tayirod, a goge zaren da burushin waya, a sassauta notin kulle, a yi masa alama da fenti. Sannan a zare 'yar ƙusar da ta ratsa notin wuya, a kwance notin amma kada a cire shi duka, a bar shi a bakin zare. Wuyan zai ƙi fita, haka aka yi shi. In akwai fula, wato ƙarfen matso wuyan waje, ita ce daidai. In babu, guduma biyu: a tokare babbar a bayan kunnen nokul, a daki gefen kunnen da ɗayar, duka mai kaifi. Girgizar ce ke sa ramin ya saki wuyan, za ka ji ya yi ɗas ya faɗo kan notin da ka bari. Ba a dukan kan zaren, yana buɗewa ya ƙi wucewa ta ramin. Ba a kuma gasa nokul da wutar gas, domin wuta na canza ƙarfin ƙarfen.

Wajen kwance kan tayirod a ƙirga juyi nawa ya yi kafin ya fita, a mayar da sabon da adadin nan. Wannan zai kai mota wurin saiti ba tare da ta ci taya ba, amma ba shi ne saitin ba. A doguwar tayirod ta Kanta da tifa, kai ɗaya zarensa na dama ne, ɗayan na hagu, don a iya tsawaita ta ko a rage ta da juya sandar kawai. Yara da yawa sun sha wahalar kan da suke zaton ya ƙi kwantuwa alhali ɗaure shi suke ƙara yi.

Boljoyin ya fi neman natsuwa, saboda sifirin. In sifirin na kan hannun ƙasa, jak ya zauna a ƙarƙashin hannun tun kafin a raba gaɓar, in ba haka ba hannun zai harbo da ƙarfin da ke karya ƙashi. A cire kalifar birki a rataye ta da waya, kada a bar ta tana reto a jikin tiyo. Wani boljoyin da ƙusoshi aka ɗaure shi, wannan kwancewa ne kawai. Wani kuma matsa shi aka yi cikin hannun, da zoben kulle. Wannan a cire zoben, a kai hannun wurin mai injin matsawa, ko a yi amfani da guntun bututu da ya dace da bakin kwanon. In an cire tsohon, sabon ya shiga ramin da hannu ba tare da matsi ba, hannun ne ya buɗe, shi ma sai an sauya. Walda ba ta gyara wannan.

Wajen mayarwa, wuyan da raminsa su zama a bushe, tsaf, babu giris babu yashi. A ɗaure noti da kyau, in akwai sifana mai awo a bi lambar da littafin motar ya ba da. In tsagar notin ba ta zo daidai da hudar wuyan ba, gaba ake ƙarawa zuwa tsaga ta gaba, ba a dawowa baya. A sa sabuwar ƙusar kulle a buɗe ƙafafunta. Ƙusar kafinta ko guntun waya ba sa maye gurbinta. In an taɓa bushin hannu, kada a ƙarasa ɗaure ƙusarsa sai mota ta sauka ta zauna a kan tayoyinta, domin bushin da aka ɗaure ƙafa na lilo a murɗe zai zauna, ya yage da wuri. Kuma in na dama ya cinye, a duba na hagu da idon zargi, hanya ɗaya suka bi.

Kinfin ba aikin gindin bishiya ba ne. Ana fitar da makullin da ya ratsa aksil, a kore sandar, a matsa sababbin bushin cikin nokul yadda hudar giris ɗinsu za ta dace da bakin giris, sannan a gyara cikinsu daidai kaurin sabuwar sandar. A kai wa wanda ke da kayan aikin.

Shaf da kuros

In roba ce kawai ta fashe kuma shaf bai fara ƙara ba, an yi sa'a. A cire shi, a wanke gaɓar tas da fetur, a bar ta ta bushe, a cika ta da baƙin giris ɗin da ake sayarwa don ita, ba ruwan ɗorawar da ake sa wa boris ba, a sa sabuwar roba da maɗaurin ƙarfe. Ɗaurin robar tayar keke ba ya kai mako. In ya riga ya fara kas-kas, ƙwallayen sun haƙa rami a hanyarsu, giris ba ya cike shi. Babban notin tsakiyar taya a sassauta shi mota na ƙasa, a kuma ɗaure shi da ƙarfi sosai a kulle, domin a yawancin motocin nan shi ke matse boris ɗin taya. A tara kwano, man giya kan biyo shaf in an zare shi, a kuma cika abin da ya zube.

Furofela kuma, alli ko fenti kafin sifana. A yi layi a inda ya haɗu da aksil, da inda ya haɗu da giya, da inda rabinsa ke zurawa cikin rabi. Dalilin yana da kyau a sani. Kuros guda in yana aiki a karkace ba ya juyawa da gudu ɗaya, yana sauri yana lafawa sau biyu a kowane zagaye. Na ɗaya ƙarshen shi ke goge wannan, amma sai in kunnuwan ƙarshen biyu na kan layi ɗaya. A zura shi a kuskure da haƙori ɗaya ko biyu, mota ta kama rawar da ba ta da ita a da, a yi ta sayen taya da shokazoba a banza.

A cire zobban kulle, a matsa kofi ɗaya ciki da soket ƙarami, ɗayan ya fito cikin soket babba. Bais ya fi guduma a nan. Sabon kuros in ka zare kofinsa za ka ga alluran ƙarfe jere a bangonsa, giris ne kawai ke riƙe da su. Sa kofin a kunne, ka zura hannun kuros cikinsa tukuna, sannan ka matsa, hannun na ciki yana tsare alluran. In kofi ya tsaya saura kaɗan, gurbin zobe ya ƙi bayyana, kada a ƙara ƙarfi. Allura ɗaya ce ta kwanta a gindin kofin. A fito da shi, a tayar da ita da tsinke, a sake. Wanda ya danne ta da guduma ya fasa kofin, ko ya bar kuros ɗin da ba zai ga ƙarshen kaka ba. Bayan zobba sun zauna, a ɗan daki kunnuwan a hankali, kuros ya saki jiki yana juyawa ko'ina ba tauri. A buga giris har sai ya leƙo ta bakin kofuna huɗun; in uku suka fitar, na huɗun a bushe yake.

Saiti da abin da ke biyo baya

Kafin a kai ga masu injin alaimen a birni, ana iya kusantar daidai da tef. Mota a ƙasa mai faɗi, iskar tayoyi daidai, sitiyari a tsakiya, a tura ta gaba kaɗan ta zauna. A yi alama da alli a tsakiyar fuskar kowace tayar gaba ta baya, daidai tsayin cibiyar wili, a auna tsakaninsu. A tura mota gaba har alamun su zagayo gaba a tsayi ɗaya, a sake aunawa. A yawancin masu ja da baya, awon gaba kan gaza na baya da milimita kaɗan ƙwarai, ko su zo ɗaya. In bambancin ya kai faɗin yatsa, a gyara tayirod kafin a hau kwalta. A mota mai rak a raba gyaran tsakanin hagu da dama, don kada sitiyari ya karkace.

A taka birki sau da yawa kafin a motsa, tunda an taɓa kalifa. A gwada mota ba kaya, a karya sitiyari har ƙarshe ta kowane gefe, a tabbata babu tiyon da ke gogar taya. Bayan lodin farko a sake bin notunan taya da na furofela da na kulle tayirod, sabon ɗauri kan zauna ya saki kaɗan.

Duk gaɓar da ke da bakin giris a riƙa buga mata a duk juyen baƙin mai, da kuma duk ranar da mota ta ratsa ruwa mai zurfi. A goge bakin kafin a ɗora famfo, kada a tura ƙasa ciki da hannunka. Boljoyin bugu biyu ko uku ya ishe shi, robar na fara kumbura a tsaya, in an wuce haka fashewa take yi. Kinfin kuma a ɗaga aksil tukuna, a riƙa juya sitiyari ana bugawa, sai tsohon giris baƙi ya fito ta sama da ƙasa sabo ya biyo shi.